Hamsin da Biyar a Hanyar Lolo

Tungar Ma'azu, ta Lolo
18 ga Fabrairu, 2019

Zuwa ga taubashina Muzammilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Gwaggo da matarka Kausar da yara. Yaya gwiwar Gwaggo? Mu nan lafiya lau, an cire albasa, bana ta yi kai. Baba ya ce in rubuta maka Allah ya yi albarka sau uku. Ga shi na rubuta sau ɗaya, sauran ka cika da kanka.

Keken guragu mai batiri da ka haɗa masa yau wata guda ke nan da Namadi direba ya sauke shi. Ni da na san ka tun ranar da ka kwance rediyon Baba ka kasa mayarwa, ban yi zaton abin zai motsa ba. To ya motsa, na ba ka wannan. Yaya Sufyan ya ɗora faranti biyu na sola a kan ɗakina, akwatin cajin yana ciki, ni ke jona wa keken wayar caji da safe.

Da ka ga kawunka. Shekara biyu tun da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa yana zaure, ba ya fita sai an ɗauke shi, yanzu shi ke riga kowa zuwa masallaci. Yana zuwa bakin kogi ya tsaya yana rage wa masunta farashin kifin da ba saya zai yi ba. Kuma ka san hali zanen dutse. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana awon hatsi a kasuwar Lolo ba zai ga lamba ya ƙyale ta ba. Wannan 'yar mitar da ka sa a gaba, mai nuna wutar da ta rage a batiri daga ɗari zuwa sifili, ta zama abokiyar hirarsa. Ya ce masallaci zuwa da dawowa biyu yake ci, bakin kogi shida, in da yashi bakwai. Duk ya haddace.

Abin da ya dame ni, ya fara ambaton Lolo. Ka san hanyar nan, ka san ita ta raba ni da mijina Hassan, babur mai ɗauke da buhu huɗu na shinkafa ya bi ta kansa da rana tsaka. Yanzu baburan sun ninka na wancan lokaci.

Ina da tambaya. In ba a bar batirin ya cika ba, a ce kullum a tsaya a rabi, zai lalace? Tambaya ce kawai. Ka amsa mini a takarda ta hannun Namadi, kada ka kira. Wayarmu a nan rabin lokaci layin Benin take kamawa, in ma ta kama namu, kunnen Baba ya fi na kowa a gidan nan.

Taubashiyarka,
Hamdiyya


Kaduna
6 ga Maris, 2019

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, tana gaishe da yayanta. Na karanta mata labarin kifin da ba a saya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka yake tun suna yara.

Maganar rediyo kuwa, ke kika riƙe mini kusoshin kika zubar a yashi. Allah na gani.

Tambayarki ta ba ni mamaki, ban san a Tunga akwai injiniya ba. Ba zai lalace ba, gyara shi ma kike yi. Batirin da ke cikin keken ba irin na mota mai ruwa ba ne. Wancan in an saba barinsa a rabi yana mutuwa da wuri. Wannan irin na waya ne, babba. Abu biyu ne ba ya so, a cika shi fal a ajiye cikin zafi irin naku, da a tatse shi har ƙasa. In yana yawo tsakanin ashirin da tamanin, zai yi shekarun da sai kun gaji da shi. A shagonmu haka muke faɗa wa kowa, ba mai ji. Ke kin gano da kanki.

Mitar kuwa ki bar Kawu ya more ta. Ba irin ta kasuwa mai fitilu uku ba ce. Ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita take yi, ɗaya bayan ɗaya, ni na zaɓe ta da hannuna. Lolo daga Tunga ba za ta ci fiye da talatin da biyar ba, saboda haka in ya cika zai je ya dawo da saura. A rabi dai zuwa ne kawai ba dawowa. Ki kwantar da hankalinki, a bakin hanya zai riƙa bi, ba gudu keken ke yi ba.

Akwai sauran bayani amma Namadi yana ta danna mini ham a waje. Sai wani jiƙon.

Naki,
Muzammilu


Tungar Ma'azu
2 ga Agusta, 2019

Muzammilu,

Assalamu alaikum. Ka gaishe da Gwaggo da Kausar. Kwana biyu ban rubuto ba, azumi ne ya zo, daga shi sai shuka. Lafiya dai muke, amma ba lau ba. Kada ka karanta wa Gwaggo wannan.

Ka tuna Malam Cindo na Madekali, wanda yake haye kogi da kwalekwale ya zauna gefen Baba a rumfar awo? Ya aiko cewa 'ya'yansa za su ɗauke shi su kai Parakou can cikin Benin wurin babbansu saboda idonsa, kasuwar makon jiya ita ce ta ƙarshe da zai zo Lolo, yana son su yi sallama. Yaya Sufyan ya ce zai kai Baba a babur, sai ranar ta zo aka kira shi Bagudo. Ni ina fadama wurin dashe. Baba ya yi lissafinsa shi kaɗai, ya ce abin da ke ciki zai kai shi, in ya isa ya sa caji a shagon wani, ya murɗa makulli ya fita.

Keken ya mutu a hanya, bayan kwalbatin nan da babu ko bishiya. Tun hantsi yake wurin har bayan azahar, ba ruwa, ba abin kai wa baki, ga ciwonsa. Baburan shinkafa suna ta wucewa ba wanda ya tsaya. Wani Bafillace mai amalanken shanu ne ya ɗora shi a kan buhunan taki, ya ɗaure keken a baya, suka ratsa tsakiyar gari da shi haka, kowa yana kallo. Malam Cindo ya jira har kasuwa ta watse. An tafi da shi shekaranjiya.

Jikinsa ya dawo, alhamdulillahi. Maganar da ta biyo baya ce ba ta da daɗi. Baba ya ce da hamsin da biyar ya fita, kuma lokacin da keken ya tsaya mitar tana nuna talatin, sannan ta ɗauke. Da Yaya ya jona waya, sifili ta nuna. Yaya ya ce ba yadda za a yi talatin ta zama sifili, sai dai in da sha biyar ko ashirin da biyar ya fita, ya karanta ba daidai ba. Baba ya ce, "Shekara arba'in ina awo, ban taɓa ruɗa tiya da rabin tiya ba. Hamsin da biyar nig gani." Yaya bai yi gardama ba, ya dai kalli Liman da ya zo dubiya, Liman ya kalli ƙasa. Da ma sun yi gardamar da ya fi sauƙi.

Yaya ya karɓi makullin, wai sai Baba ya ƙara murmurewa.

Kada ka zargi kekenka. Matsalar a cikin gida take, ni na sani. Ba na iya barci sosai. Ka yi mana addu'a.

Hamdiyya


Kaduna
15 ga Agusta, 2019

Hamdiyya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mu lafiya. Ban karanta wa Inna ba kamar yadda kika ce, na dai ce mata Kawu ya ɗan yi rashin lafiya ya warke.

Raina ya ɓaci ƙwarai da labarin nan, na kwana biyu ina ganin Kawu a kan buhunan taki. Na kuma gane abin da kike nufi da cewa matsalar a cikin gida take. Ba sai kin fito fili ba, ke ce kike tare da shi dare da rana, in kin fara ganin alamu to akwai su. Ciwon suga in ya daɗe yana taɓa ido, wani lokaci har da tunani, ga shekaru. Ba abin kunya ba ne.

Yaya Sufyan ya kira ni ran jajibiri daga Bagudo, ya tambaye ni ko mitar tana iya nuna talatin alhali ba komai a ciki. Na ce masa mitata ba ta ƙarya. Abin da ya shiga take rubutawa, abin da ya fita take cirewa. Ya ce shi ma haka ya zata, yana son ya ji daga bakina ne kafin ya yanke shawara. Ina ganin ajiye makullin shi ne daidai a yanzu. Ke ma za ki samu sauƙi, na san yadda hanyar nan take tsaya miki a rai.

Ki daure. Ki riƙa lallaɓa shi, kada a riƙa yi masa gardama a kan lambar, mai irin wannan lalura gardama ƙara rikita shi take yi.

Naki,
Muzammilu


Tungar Ma'azu
9 ga Oktoba, 2019

Muzammilu,

Assalamu alaikum. Takardarka ta Sallah jiya ta iso. Tun da aka rufe boda Namadi ya daina zuwa nan, a aljihun motarsa ta yi wata biyu. Da ta zo a kan lokaci wataƙila da ban kai yau ina ɓoye abin da zan faɗa maka ba. Da na karanta sai da na shiga bayan rumbu na yi kuka. Ba ka gane ni ba, kuma ba laifinka ba ne, ni ce na yi maganar a dunƙule don kada a gane.

Baba ba abin da ya sami kansa. Hamsin da biyar ya gani. Na sani, domin ni na cire wayar a hamsin da biyar ana gobe zai fita.

Tun watan Maris nake yin haka. Da ka ce rabi zuwa ne kawai ba dawowa, sai na samu abin da nake nema. Kullum in lambar ta haura hamsin in shiga ɗaki in zare wayar ta bayan akwati. Na ce wa Baba faranti biyu sun yi kaɗan, ranar nan ba ta iya cika shi. Ya yarda, don ni na faɗa. Har yana cewa kada a gaya maka, ka yi ƙoƙari, kada ka ji ba daɗi. Wata biyar batirin nan bai cika ko sau ɗaya ba. Ni kuwa ina ta gaya wa kaina ai injiniya ma ya ce gyara ne.

Wannan ba shi ne mafi muni ba. Ranar da aka dawo da shi, a gaban Yaya da Liman, ya juyo ya ce, "Ɗiyata, ke ka sa cajin. Nawa kig gani?" Na ce ban duba ba. A lokacin abin da ya zo mini shi ne in aka ce ya ruɗe za a karɓe makullin, shi ke nan ba shi ba hanyar Lolo. Na samu yadda nake so, Muzammilu. An karɓe.

Ka zo ka ga abin da na saya da wannan. Ya koma zaure. Ka san a nan in an yi girbi shi ake kira ya raba tsakanin mai gona da mai noma, ya fitar da zakka, don ba a taɓa jin an yi ƙorafi a kan awonsa ba, ko bayan ƙafar ɗaukarsa ake yi a kai shi masussuka. Bana an fara yankan gero, gida uku sun kira wani. Masu zuwa gaishe shi suna ɗaga murya suna maimaita magana, kamar da ƙaramin yaro suke yi. Shi ma ya fara shakkar kansa. Da safe in na kai masa kunu sai ya faɗi ranar da kwanan wata, ya tsaya yana duban fuskata ya ga ko ya yi daidai. Rannan na ji shi yana jera sunayen jikokinsa a hankali, ya yi tuntuɓe a ɗaya, ya bar kununsa har ya huce. Wa ba ya tuntuɓe a jikoki goma sha tara?

Yaya ya ce bayan girbin shinkafa zai rabu da keken, ajiyarsa tana ƙara wa Baba damuwa.

Abu ɗaya ne ban gane ba, shi nake so ka faɗa mini tsakaninka da Allah. In hamsin da biyar ce, kai ka ce talatin da biyar za ta kai shi, me ya tsayar da shi a hanya? Abin da na yi ne ya jawo, ko kuwa? Kada ka lallashe ni.

Hamdiyya


Kaduna
20 ga Oktoba, 2019

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na ba wani mai ɗaukar albasa wannan don kada ta kwana a hanya.

Kin ce kada in lallashe ki. E, rashin cikawar ne ya jawo. Amma kafin ki ɗauki kayan duka ki aza a kanki, ki ji nawa kason.

Mitar ba ta leƙa cikin batiri, ƙirge kawai take yi. Kuma akwai 'yar wutar da ke zurarewa ba ta gani: wadda ita kanta take ci, da wadda batiri ke rasawa yana zaune cikin zafi, da ɗan kuskuren kowane ƙirge. Kamar mai rumbu ne da ke lissafin tiyar da ya zuba da wadda ya ɗiba, bai san ɓera yana nasa awon ba. A kwana ɗaya ba komai ba ne. Maganinsa shi ne a bar batirin ya cika har fitilar akwatin ta koma kore, ko da sau ɗaya a mako. A nan mitar ke gane inda baki yake, ta koma ɗari, ta zubar da kuskuren da ta tara. A nan ne kuma ƙananan batiran da ke ciki suke daidaita da juna, in ba haka ba wani ya riƙa zama baya, shi zai fara ƙarewa ya kashe sauran. Wata biyar ba a cika ba, kuskure ya hau kan kuskure. Hamsin da biyar ɗin da ku biyu kuka gani, a gaskiya ba ta fi ashirin da biyar ba. Da wutar ta ɗauke gaba ɗaya mitar ta manta inda take, shi ya sa Yaya ya ga sifili. Lissafin Kawu daidai ne tun daga ƙofar gida har kwalbati. Batirin ma lafiyarsa ƙalau, ya fi na kowa lafiya, lambar ce ta lalace.

Wannan shi ne sauran bayanin da na ce zan yi a watan Maris. Layi biyu ne. Namadi ya danna ham na ajiye biro, daga baya na manta, don na fi jin daɗin yabon da nake yi wa kaina a takardar. Sannan Yaya ya kira ya yi mini tambayar da yaron shago ma zai amsa daidai, na ce mitata ba ta ƙarya. Na san tana yi. Ban tsaya na tambayi yaushe rabon a cika shi ba, saboda ba na son a ce abin da na haɗa ne ya yar da Kawu a hanya. Ya fi mini sauƙi a ce tsoho ya ruɗe. Mutumin da ya saya mini akwatin kayan aikina na farko. Tun shekaranjiya na kasa haɗa ido da Inna.

Na kira Yaya jiya na warware maganata. Ya saurara, ya ce to, mita tana kuskure, tsoho ma yana kuskure, wa ya ga hamsin da biyar ɗin ban da shi? Ban ambaci sunanki ba, ba ni da izininki.

Ga shawara, in kin ga dama. Ki ce kin tuna, kin ga lambar da safen. Maganar cikawa kuma a bar ta a kaina, zan aiko da sabuwar waya a ce tsohuwar ce ba ta kai wuta sosai. Ba wanda zai bincika. Kawu zai samu makullinsa, ke kuma ba sai kin tsaya gabansa da wannan ba. Tsoro ne ya sa ki, kowa ya san abin da hanyar nan ta yi miki.

Naki,
Muzammilu


Tungar Ma'azu
Ran kasuwar Lolo, Nuwamba 2019

Muzammilu,

Assalamu alaikum. Ka gaishe da Gwaggo da Kausar da yara. An fara yankan shinkafa.

Na gode da wayar da ka so ka aiko, ka riƙe abarka. Kwana huɗu ina juya shawarar, har na shirya yadda zan ce na tuna. Sai na ga in na yi haka zai gode mini. Wannan ne na san ba zan iya ɗauka ba.

Ran Talata da hantsi na same shi a zaure na faɗa masa duka, tun daga Maris. Na karanta masa bayaninka. Wurin ɓera ya ce in maimaita, na maimaita, ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko ke nan da batirin a cike yake ran nan da ya ga Cindo. Na ce e. Ni kuwa ina durƙushe ina jiran faɗa, da ya yi da na ji sanyi. Da ya buɗe baki a hankali ya yi.

"Da kin ce min kar in tahi, da na yi hushi kwana biyu in huce. Wata ukku ina kwana ina tashi da tunanin kaina ya taɓu. Ke kuwa kina kawo min kunu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ba shi kaɗai zan faɗa wa ba, a gaban mutane aka ce ya ruɗe. Bayan la'asar ya sa aka kira Yaya da Liman da mutum biyu daga cikin waɗanda suka kai awonsu wani wuri, na tsaya daga bakin ƙofa na sake faɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san ba ta kai rabin tasa a kan amalanke ba. Yaya ya tashi zai yi kaina, Baba ya ce ya zauna, ɗiyarsa ce, shi zai ji da ita. Ya miƙa hannu kawai, Yaya ya shiga ya ɗauko makullin.

Washegari ya sa aka fito da akwatin cajin daga ɗakina aka kai zaure. Shi ya jona da hannunsa, ya zauna a gabansa tun safe, ko gyangyaɗi bai yi ba. Kafin la'asar fitilar ta koma kore, mitar ta nuna ɗari. Ya kira ni ya ce in duba in faɗa masa nawa na gani. Na faɗa.

Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Kai kuwa ya ce in gaya maka mai awo ba ya rantsuwa a kan tiyar da bai gwada ba, kuma ka zo da kanka da Sallah. Jiya gidan Ma'azu Babba sun aiko, shi suke so ya raba musu shinkafa ran Asabar.

Yau da hantsi ya sa farar rigarsa ya ce za shi Lolo. Na ce Malam Cindo ai ba ya nan. Ya ce ya sani, akwai masu kwalekwalen Madekali, zai ba da saƙo a kai masa, ya san dalilin da ya sa bai zo ba. Ni na buɗe masa ƙyauren. Ya ce zai dawo bayan la'asar in Allah ya so, kuma kada a aika kowa bayansa. Na tsaya ina kallonsa har ya hau babbar hanya, babura biyu suka wuce shi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Bai waiwayo ba.

Da azahar Yaya ya zo ya ce bari ya bi shi a babur daga nesa, ba zai gani ba. Ba abin da nake so kamar in ce e. Na ce a'a.

An kira la'asar tun ɗazu. Na yi salla, na ɗora tuwo, na fito da tabarma ƙofar gida, a nan nake rubuta maka. Duk ƙarar da na ji sai na ɗaga kai. Bai dawo ba tukuna, kuma ban aiki kowa ba.

Taubashiyarka,
Hamdiyya